Babi Na Biyar: Kaki, Soso Da Tawul

Shekarar da na sayi baƙar mota ta farko, wani abokina ya dawo daga tafiya ya kawo mini tsarabar gwangwanin man goge mota, irin mai tsadar nan da ake buɗewa ƙamshi ya cika ɗaki. Ranar Asabar da hantsi na sa aka wanke motar a ƙofar gida, na ɗauko wata tsohuwar singileti da ta daɗe a but, na lakuto man na shafe ta tun daga bonet har bamba. Na goge, na ja da baya, na ga fuskata a jikin ƙofa kamar madubi. Maƙwabcina ma sai da ya tsaya ya ce, "Kai Malam, sabuwa ka sake?"

Da daddare na tsaya shan mai. Fitilar gidan man ta sauka a kan bonet, sai na ga abin da rana ta ɓoye mini: zane-zane siri-siri, zagaye a kan zagaye, kamar gizo-gizo ya kwana yana saƙa a jikin fentin. Washegari na kai ta wurin wani dattijon mai fenti. Bai tambaye ni sunan man ba. Hannu ya miƙo ya ce, "Alhaji, ina tsumman?" Na ba shi. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya miƙo mini, na murza. Yashi ne a ciki.

Wanda zai fahimci abin da ya faru sai ya san yadda fentin motar zamani yake. Hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani mai garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke tare hasken rana kada ya ƙona launin. Duka hawa-hawan idan an haɗa, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, wato kusan kaurin takardar da kake riƙe da ita yanzu. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliya kaɗai ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, rabin kaurin takarda ke nan. Kuma ba fata ba ce da za ta warke ta sake tsirowa. Abin da aka kankare ya tafi.

To ga abokin gabarta. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta zo ta zube mana a kan rufi da tagogi da motoci. Ga kuma jar ƙasar titunanmu da ba ta da lokaci. A cikin wannan ƙura akwai ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri, balle fenti. Duk tsumman da ya kwashi ƙura ya zama sanfefa. Shi ya sa nake ganin wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi ko Maiduguri, in kuɗinsa na abu ɗaya ne, tawul ya kamata ya saya kafin kaki. Amma bari mu fara da kakin, tunda shi ne ke jan ido a kanti.

A bakin masu wankin mota duk abin da ke cikin gwangwani folish ne. A gaskiya abu uku ne, aikinsu kuma ya sha bamban. Kwamfawun yana da ƙwayoyi masu kaushi, aikinsa cin saman kiliya har a kai ƙasan karcen. Folish shi ma ci yake yi, amma a hankali, yana share sawun da kwamfawun ya bari. Kaki ba ya cin komai. Lulluɓi ne siriri da ke zama a kan fenti, ruwa ya zame, kashin tsuntsu da danƙon darbejiya su same shi kafin su sami kiliya. Akwai kuma na haɗin gambiza, kaki mai ɗan folish a ciki, wanda ke da amfani ga motar da ta dusashe kaɗan, amma wanda ke shafa shi kowane mako yana rage wa fentinsa kwana bai sani ba. Karanta jikin gwangwani. In ka ga an ce yana cire karce, to yana ci.

Kakin gargajiya da duniya ta sani shi ne kanoba, kuma daga bishiya yake. Wata irin giginya ce da ke tsirowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará, ƙasa mai zafi da fari. Bishiyar kan lulluɓe ganyenta da wani farin gari don kada rana ta tsotse mata ruwa. Da rani sai a sare ganyen, a shanya, a buge, a tara garin a narka. Wanda aka samu daga ƙananan ganyen da ba su buɗe ba ya fi haske da tsada. Irinsa ne ake shafa wa alewa da ƙwayoyin magani su yi ƙyalli, don haka wataƙila ka taɓa haɗiye shi. Abin da ya sa ya dace da mota shi ne taurinsa da juriyar zafi: ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, alhali kakin zuma tun a wajen digiri 63 yake sakewa.

Taurin nan kuma shi ne ke tona asirin wata dabarar talla. Kanoba zalla ɓawo ne mai tauri, ba ya shafuwa. Dole a sassauta shi da mayuka da sinadarai masu bin iska kafin ya zama abin lakuta. Saboda haka in ka ga an rubuta kanoba ɗari bisa ɗari, nufinsu kakin da ke ciki na kanoba ne, ba wai gwangwanin cike yake da shi ba.

Kanoba na ba baƙar mota da ja wani sheƙi mai zurfi, kamar a jiƙe take. Matsalarsa ƙarko. Ko a ƙasashe masu sanyi wata biyu zuwa uku ake ba shi. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin inuwa ke kai digiri 40 a garuruwanmu, bonet ɗin baƙar mota da ke tsaye a rana yakan haura digiri 70. Haɗa da wankin omo, wanda aikinsa ke nan narkar da maiƙo, sai ka ga makonni kaɗan sun cinye shi. Shi ya sa ga motar da ke kwana a waje, ta wuni a bakin kasuwa ko ofis, na fi son kakin da aka haɗa a masana'anta, wanda 'yan kasuwa ke kira silan. Sheƙinsa ya fi kama da na gilashi, wasu su ce ba shi da rai, amma yakan kai wata huɗu zuwa shida, kuma ya fi sauƙin gogewa. Sai na baya-bayan nan, siramik. Na ainihi ruwa ne a 'yar ƙaramar kwalba da ke sandarewa ya yi shekaru, amma yana son fenti da aka gyara tsaf da ɗaki marar ƙura, kuma kuskurensa sai da inji ake cirewa. Wannan aikin ƙwararru ne. Na feshi da ake rubuta wa siramik ɗan'uwan silan ne, yana da kyau, sai dai kada a sayar maka da shi a kuɗin na ainihin.

Sunaye kuwa, Turtle Wax da Meguiar's da Sonax duk tsofaffin gidaje ne. Meguiar's ma tun 1901 yake, da man goge kayan katako ya fara a Amurka kafin motoci su yawaita. Kowannensu ka samu na gaske zai yi maka aiki. Abin dubawa shi ne hatimin murfi da tsabtar rubutu, don jabu ba ya barin duk abin da ke da kasuwa. Kakin da ya tsage ya janye daga gefen gwangwani, ko na ruwa da ya rabu biyu ya ƙi haɗuwa ko an girgiza, rana ta riga ta cinye shi a kan tebur.

Abin shafawa ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗan soso ne zagayayye mai laushi, faɗin tafin hannu, ko wanda aka lulluɓe da yadi mai taushi. Na soso ya fi shimfiɗa kaki siriri, na yadi ya fi dacewa da kaki mai folish. Sirrin dai ƙaranci ne. Abin da ke manne wa fenti bai kai kaurin da ido zai gani ba, sauran duk a tawul zai ƙare. Wanda ya lafta kamar yana shafa wa jariri man kaɗanya wahalar gogewa kawai ya ƙara wa kansa, kuma yawan gurza shi ne ke kawo karce. A shafa a inuwa, jikin mota da sanyi, ƙofa ɗaya ko rabin bonet a lokaci guda. In ya yi hazo sai ka ja yatsa a kai. Wurin ya fito fes, lokacin gogewa ya yi. Ya yi jirwaye, ka ƙara jira. A kiyayi baƙar robar gefen ƙofa da bamba, kaki na barin farin tabo a kanta mai wuyar fita. Motar da fentinta marar sheƙi ne tun asali, ita ba a shafa mata kaki sam.

Yanzu ga tawul, inda maganar take.

Tawul ɗin wanka da singileti da tsohon zani duk auduga ne, kuma zaren auduga mulmulalle ne. In ya haɗu da ƙwayar yashi ba shi da inda zai ɓoye ta, sai ya tura ta gaba yana jan ta a kan fenti. Tawul ɗin da ake kira maikirofaiba an yi shi ne don maganin wannan. Fasahar zarensa a Japan ta bunƙasa wajen shekarar 1970. Zare ne na roba iri biyu, foliyesta da nailan, yawanci kashi 80 da 20 ko 70 da 30, kowane sili ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba. Bayan an saƙa sai a tsattsaga silin, ya zama in ka yanka shi ka duba da madubin likita kamar lemon da aka rarraba. Waɗannan tsagogi su ne ke kama ƙura su janye ta ciki, su kuma sha ruwa. Akwai wanda ba a tsaga ba, mai santsi da ƙyalli, da ake sayarwa a bakin danja. Ɗiga masa ruwa ka gani. In ruwan ya tsaya a sama yana gangarewa, bar shi. Na kirki in ka shafa shi a busasshen tafin hannu za ka ji yana ɗan kama fata.

A jikin leda za ka ga lamba da haruffa GSM. Ba ta da alaƙa da waya. Nauyin murabba'in mita ɗaya na yadin ne a giram. Mai 300 zuwa 350, gajeren gashi, shi ne na cire kaki, don yana da cizo. Mai 500 zuwa sama, mai tsawon gashi kamar bargon jarirai, shi ne na shafar ƙarshe. Na tsane ruwa manya ne masu nauyi, wasu har sun haura 1000. Na gilashi siriri ne mai saƙar ramuka, ba ya barin gashi. Fatar shamwa da iyayenmu direbobi suka saba da ita, wadda fatar tunkiya ce da aka jeme da man kifi, tana shan ruwa sosai, amma shafaffiya ce, ba ta da gashin da yashi zai shige. A garin da ƙura ke sauka tun kafin mota ta bushe, ni na daina amfani da ita.

Duba bakin tawul ma. Ɗinkin gefe mai kaushi da 'yar takardar da ake maƙalawa su ne ke fara karce. Tsinke takardar, ka zaɓi wanda bakinsa yankakke ne ba ɗinki ko kuma an naɗe shi da yadi mai laushi. In kana shakka, nemo tsohon faifan CD ka goga tawul ɗin a bayansa ka ɗaga a haske. Wanda ya zana faifai zai zana mota.

Mai faɗin santimita 40 ta kowane gefe, in ka ninka shi biyu ka sake ninkawa, ya ba ka fuska takwas. Ka goge da ɗaya, ta cika, ka juya. Mota guda na cin tawul uku ko huɗu a shafin kaki ɗaya. A raba su da launi: na jiki daban, na gilashi daban, na taya da wili daban, kuma na taya ba ya komawa jiki har abada, don ƙurar birki ƙarfe ce. Wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Na sha ganin yaro ya ɗauke shi ya kaɗe a gwiwa ya ci gaba. Abin da ya sa tawul ɗin ke da kyau, wato riƙon ƙura, shi ne ya sa kaɗewa ba ta fitar da ita.

Wankinsa ma da ƙa'ida, kuma duk ta saɓa wa yadda muka saba wanki. Ba a haɗa shi da kayan auduga, zai kwashe gashinsu. Sabulun ruwa ya fi na gari, don ƙwayar garin da ba ta narke ba takan maƙale. Ba a sa masa ruwan laushin tufafi mai ƙamshi, yana toshe tsagogin. Ba a kai shi wurin mai guga, roba ce, dutsen guga zai narkar da bakin zaren ya koma ƙaya. Sannan ba a shanya shi a kan katanga ko ciyawa. Duk wanda ya taɓa cire ƙarangiya daga jikin irin wannan tawul ya san abin da nake nufi. A shanya a ɗaki, a adana a leda ko roba mai murfi, ba a but kusa da jak da safaya ba.

Saura fayafayan da ake maƙala wa inji. A nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Injin gogewa iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya, wanda ke zagayawa a wuri guda kamar fanka, gudunsa daga juyi 600 zuwa 3000 a minti. Yana da ƙarfi, yana aiki da sauri, yana kuma tara zafi. Daƙiƙa kaɗan a kan kusurwar ƙofa ko layin bonet, inda fenti ya fi siranta, sai ka ga launin ƙasa ya leƙo. Akwai kuma mai juyi biyu, wanda ke zagayawa yana karkarwa lokaci guda, ba ya tara zafi a wuri ɗaya, in ka danna shi da yawa ma sai ya tsaya. Shi ne na mai koyo. Abin da ba inji ba ne na mota ko kaɗan shi ne giranda ta masu walda, wadda ke juyi sama da 10,000 a minti. Na ga inda aka ɗaura mata faifan ulu aka nufi bonet. In ka ga haka a inda ka kai motarka, karɓi makullinka.

Faifan ulu ya fi kowanne ci, kuma yakan bar nasa sawun da sai an bi da soso. Na maikirofaiba na biye masa. Na soso kuwa hawa uku ne: mai tauri na cin karce, matsakaici na folish, mai laushi na ƙarshe wanda shi kaɗai ya dace da shafa kaki. Kada launi ya ruɗe ka. Babu wata yarjejeniya tsakanin kamfanoni, ruwan lemo na wannan na iya zama mai ci, na wancan ya zama mai laushi. Matsa shi da yatsa, ka karanta ledarsa. Faɗin inci 5 ya fi sauƙin sarrafawa a kan yawancin motoci, da ƙaramin inci 3 na lunguna, kuma faifan ya ɗan fi farantin injin faɗi don kada bakin farantin ya taɓa fenti.

A fara da mafi laushi. Zaɓi wuri ɗan murabba'i kamar rabin mita, ka gwada matsakaicin soso da folish. In ya biya, shi ke nan, ka tsira da kiliyarka. In bai biya ba sai ka hau mataki ɗaya. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya riga ya ratsa kiliya ko ya kusa, binsa da inji ɓarna ce, aikin mai fenti ne. Soso kuma yana cika da mataccen fenti da busasshen folish, don haka a share shi da buroshi bayan kowace ƙofa, a canza shi in ya yi zafi ya saki. Faifai ɗaya ba ya gama mota.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne ko Beljiyam, kuma da yawa an taɓa fentinsu kafin su iso hannunmu ko bayan sun iso. Ƙofa ɗaya na iya zama ta kamfani, ta kusa da ita feshin gareji ce a kan fila. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti da ake dangwalawa a jiki. In sauran jiki na nuna 120 ƙofa ɗaya ta nuna 300 ko fiye, ka san an sake ta, kuma ba lallai ta ɗauki gogewa kamar sauran ba. Wasu masu feshin ma ba sa sa kiliya. Gane wannan ba wuya: ɗiga folish a farin ƙyalle ka goga a wani lungu. In launin motar ya fito a ƙyallen, fenti mai hawa ɗaya ne, irinsa ya fi kowanne son kaki, ya kuma fi saurin ƙarewa a ƙarƙashin inji. Sabon feshi kuwa a ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama fitar da sinadarinsa kafin a rufe shi da kaki. Tambayi mai fentin.

Sau nawa za a shafa? Motar ce za ta faɗa maka. Watsa mata ruwa bayan wanki. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gudu, da sauran kaki. In ya kwanta shame-shame, ya ƙare. Ni dai na saba da sau uku: ƙarshen damina kafin hazo ya sauka, ƙarshen hunturu kafin zafin bazara, sai kuma farkon ruwa. Gogewa da inji kuwa, sau ɗaya a shekara ma ya yi yawa ga wanda ke wanki da kyau.

Baƙar motar nan tawa sai da dattijon ya wuni a kanta kafin saƙar gizon ta fita, ya kuma gaya mini ba za ta ɗauki irin wannan aikin fiye da sau biyu nan gaba ba. Gwangwanin tsarabar na ci gaba da amfani da shi har ya ƙare, bai taɓa ba ni matsala ba. Kai kuma kafin ka shiga babi na gaba, inda za mu koma cikin mota, je ka buɗe but ɗinka, ka ɗauko tsumman da ke ciki, ka murza shi tsakanin yatsu biyu.